Yasmin Ɗin Inna

Wata uku ke nan tun ranar da Baba ya yanke hukunci a kan soyayyar Auta, kuma bai rataya shi a kan asali ko abin hannu ba. A kan shuka ya rataya shi.

Shukar kuwa yasmin ce, irin mai yaɗon nan mai fure rawaya, wadda marigayiya Inna ta dasa a gindin katangar tsakar gida tun Auta na goye. Ta bi waya ta haye rumfar ƙarfe, ta lulluɓe rabin katanga. A zamanin Inna, da zarar sanyi ya fara ja da baya sai gidan ya koma rawaya, ƙamshi ya tsallaka har layi, matan maƙwabta su yi ta ƙirƙiro aron tsintsiya don dai su shigo su shaƙa. Yau shekara uku da rasuwar Inna, ganye sai ƙara kore yake yi, amma fure ko na rantsuwa babu.

Neman maganin wannan ne ya kai Auta wurin Mai Lambu, wani saurayi dogo mai sanyin magana da ke renon tsirrai a baƙaƙen ledoji a bakin titi. Ta je tambayar taki, ta dawo ba ta san inda ta ajiye zuciyarta ba. Malamar firamare ce, shekararta ashirin da bakwai, ta mayar da manema da yawa da lallami, amma wannan karon ita ce ta riƙa tsayawa a hanya tana duba ko gyalenta ya zauna daidai.

Yaya ne ya fara tayar da ƙura. Ya ce ina aka taɓa haka, ƙanwarsa da takardar malanta a bango ta ƙare a hannun mai wasa da laka? Ga abokinsa Injiniya nan, mutum kamili, mai mota da aikin yi, shekara biyu yana jira. Injiniya kam ba shi da aibu, Allah ya sani, sai dai in ya zauna hira ba ya wuce farashin siminti. Gwaggo, ƙanwar Baba, ita ma ta ɗauko nata karatun, wai so ba ya biyan haya, kuma mace ba ta cin fure.

Baba tela ne da ya ajiye keke bayan shekara arba'in a shago. Ya saurari kowa har suka gaji, sannan ya nuna katanga da haɓa.

"In yaron mai lambu ne na gaske, ga shukar innarku nan. In ta yi fure kafin zafi ya shigo, ya turo manyansa. In ba ta yi ba, Auta, sai ki saurari 'yan'uwanki."

Auta ta ce ta yarda, har da murmushinta. A lokacin gani take an ba ta kyauta.

Tun daga nan Asabar ta zama ranar da take rayuwa dominta. Da hantsi Mai Lambu zai yi sallama, ya durƙusa ya gaida Baba, ya naɗe hannun riga. Ranar farko ya kwashe tulin takin da aka jibga a gindin shukar, ya ce taki in ya yi yawa ganye yake haifarwa ba fure ba. Ya haƙa 'yar hanya don kada ruwa ya kwanta mata a ƙafa, ya ce ban ruwa sau biyu a mako ya ishe ta. Ya roƙi maƙwabci aka sare reshen mangwaron da ke tare mata ranar safe. Ya kuma gargaɗi Auta cewa kyawun nan nata da guba, kada a bari yara ko dabba su tauna.

Aikin Auta shi ne miƙo ƙyalle. Akwai buhun guntayen yadi da Baba ya taho da shi daga shago, sai ta yayyage su sirara-sirara, shi kuma yana ɗaure rassa a jikin waya, sako-sako, don kada ɗauri ya shaƙe su. Ba sa doguwar magana, domin Baba na nan a kujerarsa da rediyo a cinya. Amma in ta miƙa ƙyalle ya karɓa, rana ta ratso ganye ta sauka a fuskarsa, sai Auta ta tafi wata duniya. Ta ga wani ɗan ɗaki mai taga ɗaya, da reshen wannan shuka an dasa a ƙarƙashin tagar, da ita kanta tana shanya da yamma tana jiran wani ya dawo da laka a ƙafa. Sau biyu ya kira ta Malama kafin ta ji.

Wata Asabar ya jawo wani dogon reshe siriri da ke lilo, ya nuna mata wasu 'yan ƙulle-ƙulle a hammatar ganye, kowanne bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Ya ce furen ke nan yana barci. A kan irin waɗannan dogayen rassan na bara kaɗai yake fitowa, don haka kada kowa ya taɓa su. Ya faɗa da ƙarfi yadda Baba zai ji, Baba kuma ya gyaɗa kai ya ce ai ba mai taɓa ta.

Auta ta kwana uku tana tafiya kamar ba ta taka ƙasa. 'Yan ajinta ma sun ci arziki, don ko wanda bai yi aikin gida ba sai ta shafa kansa ta wuce.

Sai abu ya fara lalacewa. Asabar ta gaba, reshen da ya nuna mata babu shi. Ta bayanta kuma wasu biyar sun tafi. Shukar ta yi tsaf, gefenta a miƙe, ba abin da ke lilo, ƙasa kuma a share. Mai Lambu ya tsaya ya daɗe yana dubawa, sannan ya tsinci wani abu a gindin katanga ya sa a aljihu.

Auta ba ta yi wata-wata ba ta ɗora wa Yaya. Wa zai yi in ba shi ba? Yana da makullin gidan, ita kuma tun sassafe take fita makaranta. Ta daina gaishe shi da fara'a, in ta kai masa ruwa sai ta dangwarar. Ranar Alhamis da aka tashi daga makaranta ta kasa daurewa, ta zarce bakin titi.

Ta sami Mai Lambu yana cika ledoji da ƙasa. Ya kife mata bokiti ta zauna a tsakanin layukan tsirrai, inda iska ke da sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Ta zazzage masa duk abin da ke cikinta, ta ce yau za ta kai ƙarar Yaya gaban Baba, a yi wadda za a yi.

Ya bari ta gama. Sannan ya ciro guntun reshe daga aljihu ya ɗora mata a tafin hannu.

"Malama, dubi bakin yankan. Wuƙa ba ta yin haka, adda ma ba ta yi. Wannan almakashi ne mai kaifi, a hannun wanda ya saba da shi."

Ta duba. Yankan a karkace yake, sumul, ba ko ɓarɓashi. Tun tana yarinya take ganin irinsa a wuyan riguna.

"Baba?" ta ce, muryarta ta shige ciki.

Ya sunkuyar da kai.

Hawaye suka zubo mata ba shiri. Ta ce ashe Baba bai taɓa so ba. Ashe ya ba ta alkawari da baki ne yana warware shi da hannu. Da ya fito ya ce mata a'a tun farko, da ta yi kukanta ta gama, ba sai ya bar ta wata uku tana gina gida a iska ba.

"Kada ki ɗauki alhakinsa," in ji Mai Lambu. "Na duba tsofaffin rassa. Akwai tabon yanka na bara, akwai na bara waccan. Tun kafin ya san da ni yake yi. Shi a ganinsa ba taɓa ta yake yi ba, gyara ne. Mutumin da ya shekara arba'in yana yanke zaren da ya leƙo, yaya zai ga abu na lilo ya ƙyale?"

Auta ta shiga lissafi. Shekara uku. Ita tana makaranta, Yaya na gidansa, Baba shi kaɗai a tsakar gida da shukar matarsa. Kullum ta dawo ta tarar da wurin a share, ita kuma ta ɗauka haka yasmin take tsayuwa da kanta.

Sai wani kukan ya zo, wanda ya fi na farko ciwo.

"Don Allah kada ka faɗa masa. Kai ba ka san Baba ba. Tun da Inna ta rasu hawan jini ya kama shi. Cewa yake shukar ce ke takaba. In ya san da hannunsa ya hana ta fure, wallahi ban san abin da zai same shi ba."

"In ban faɗa ba, na rasa ki."

"Saura nawa?"

"Reshe bakwai. Suna can saman rumfa, inda hannunsa bai kai ba."

Ta ce to za ta ɓoye almakashin. Ya ce tela da almakashi ɗaya? Ta ce to ya samo furen wani wuri su ɗaɗɗaura da dabara, ranar da Yaya zai zo. Ya yi wani ɗan murmushi mai ɗaci, ya ce mutumin da ke gane ɗinkin ɗan koyo daga tsallaken titi za su ɗaura wa fure? Kuma ko da za ta ɓuya, shi ba zai shiga gidansu ta ƙofar ƙarya ba, don duk ranar da ya kalli Baba sai ya tuna.

"To ka zaɓa mini," ta ce tana share fuska da gefen gyale. "Ko in rasa ka, ko in karya zuciyar mahaifina. Ni na kasa."

Bai zaɓa ba. Ya raka ta har bakin titi, ya tsayar mata da abin hawa, ya tsaya yana kallonta har ta ɓace.

Ranar Asabar gari ya waye da ɗumi, irin ɗumin da ke cewa sanyi ya fara naɗe tabarmarsa. Kamar an haɗa baki, kowa ya hallara. Gwaggo ta zo tun da safe ta baje a inuwa. Yaya ya shigo da Injiniya, riƙe da igiyar awo, wai zai duba katangar ne, tunda in shukar ta ƙi sai a tumɓuke ta a shafe wurin da siminti, ya fi tsabta. Injiniya ya gaida Auta da ladabi, ya tambaye ta makaranta, ta amsa ba ta san me ta ce ba.

Mai Lambu na tsugune yana sassauta ƙasa. Auta na tsaye da ƙyallaye a hannu, idonta a kan rassan nan bakwai da ke lilo daga saman rumfa. Ƙulle-ƙullensu sun kumbura, bakin wasu har ya fara nuna rawaya.

Sai ga Baba ya fito daga ɗaki da fara'arsa, kujerar katako a hannu ɗaya, babban almakashinsa mai baƙar mariƙa a ɗayan.

"Yaro, yau a gabanka zan yi, na gaji da ɓoyo," ya ce yana dariya. "Waɗancan bakwai sun daɗe suna tsone mini ido. Riƙe mini kujerar nan."

Ƙyallayen suka zube daga hannun Auta. Ta dubi Mai Lambu, shi ma ya dube ta, ta ga ya riga ya yanke shawara.

Ya miƙe ya karkaɗe hannu, ya riƙe kujerar kamar yadda aka ce. Da Baba ya ɗaga ƙafa zai hau, sai ya rage murya, yadda daga shi sai Baba sai Auta za su ji.

"Baba, kafin ka hau, ina da tambaya. Inna takan yi wa shukar nan aski?"

"Duk shekara," in ji Baba. "Ai a wurinta na gani. Ina dawowa daga shago in same ta a kan wannan kujerar da almakashina, in yi ta faɗa tana dushe mini kaifi."

"Ranar da take askin, me ke ƙasa?"

"Ƙasa kuma?"

"Ƙarƙashin kujerar, Baba. Me take takawa in ta sauko?"

Baba ya tsaya da ƙafa ɗaya a kan kujera. Idonsa ya bar fuskar saurayin ya tafi wani wuri da babu wanda zai iya binsa a cikinsu. Leɓensa ya motsa. Auta ta ga lokacin da abin ya zo masa, ta ga fara'ar tana zarewa daga fuskarsa a hankali.

"Fure," ya ce. "Busasshen fure. Duk tsakar gidan rawaya, har ya manne mata a tafin ƙafa. Sai ya gama zuba take..."

Bai ƙarasa ba. Ya sauke ƙafarsa. Ya dubi gefen shukar da ya miƙe sumul, ya dubi almakashin, ya sake duban shukar. Sai ya zauna a kan kujerar da ya kawo don hawa.

Auta ta durƙusa a gabansa ta riƙe gwiwarsa tana kuka, tana cewa Baba ka yi haƙuri, ba ta san ma haƙurin me take ba shi ba. Yaya ya saki igiyar awo ya matso yana tambayar me wannan yaron ya faɗa wa Baba. Gwaggo ta fara salati.

Baba ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit.

"Shekara uku," ya ce, hawaye na bin gemunsa. "Shekara uku ina cewa a raina innarku fushi take da ni, don ranar da ta cika ina shago ina ƙarasa rigar wani. Kullum na fito na ga ba fure sai in ce ba ta yafe ba. Sai in ɗauko almakashi in ƙara gyara mata, ko ta huce. Ashe tana ta miƙo mini, ni kuma ina yankewa."

Injiniya ya sunkuya ya tattara igiyar awonsa, ya ce shi zai jira a mota, ya fita a hankali. Mutumin kirki ne dai, kamar yadda aka faɗa tun farko.

Baba ya share fuska da hularsa, ya juyo ga Mai Lambu, wanda tuni ya durƙusa kansa a ƙasa yana jiran a kore shi.

"Kai kuma tun yaushe ka sani?"

"Tun Asabar ɗin da ta wuce, Baba."

"Ka yi shiru ina cinye maka lokaci? Ni fa taimakonka nake yi. Tun ranar da na ga yadda kake ɗaure reshe ba ka shaƙe shi ba na ce yaron nan ya yi mini. Da kun watse sai in bi bayanka in ƙarasa maka aikin, don ta yi saurin fure ka ba wa wannan mai taurin kan kunya." Ya nuna Yaya.

Dariya da kuka suka haɗe wa Auta, ta kifa kanta a cinyarsa.

Baba ya tambaya ko bakwai ɗin za su yi. Mai Lambu ya ce in Allah ya yarda, kwana goma, in zafi bai riga su ba. Yaya ya yi caraf ya ce to sai a jira a gani, sharaɗi sharaɗi ne, Baba da kansa ya gindaya.

"Ni na gindaya, ni na yanke shi da almakashi," in ji Baba. "Ba zan sa yaro ya biya ɓarnar tsoho ba. Ta yi fure ko kada ta yi, ka gaya wa manyanka ina jiransu jibi."

Gwaggo ta buɗe baki, ya dube ta sau ɗaya, ta mayar da shi ta rufe.

Auta ba ta iya ɗaga ido ta dubi Mai Lambu ba. Ji take kamar tsakar gidan na juyawa da ita a hankali, ga daɗi ga tausayi, ta rasa wanne za ta fara ji. Baba ya ɗora mata almakashin a hannu ya ce ta kai gidan Gwaggo, da sauran ukun da ke cikin akwati, don shi ya san halin hannunsa. Sannan ya ce duk su ba shi wuri, yana da magana da innarsu.

Suka fita ɗaya bayan ɗaya. Auta ce ta ƙarshe. A bakin ƙofa ta waiwaya.

Baba ya ja kujerar har ƙarƙashin rumfa. Iska na kaɗa rassan nan bakwai, ɗaya har yana shafar hularsa. Ta ga hannunsa na dama ya ɗaga da kansa, yatsu biyu sun buɗe. Sai ya dubi hannun, ya girgiza kai, ya tura shi ƙarƙashin cinyarsa, ya tura ɗayan ma, ya zauna a kansu yana kallon sama.